Ƙasar Bakin Ƙofar Inna

Innarmu tana da wata al'ada da ta gada wurin tata uwar. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa daga rugarmu, can gabas da Ɗanzomo, sai ta kira shi ta ja masa kunne. Idan ka sauka a baƙon gari, in ji ta, kada ka sha ruwansu sai ka tsuguna ka ɗebi 'yar ƙasar garin da yatsu biyu, ka jefa a ciki, sannan ka sha. Ta haka gari yake sanin mutum ya karɓe shi, ruwansa ba zai ɓata masa ciki ba. Mu da muka tashi muna bin shanu daga wannan rijiya zuwa waccan, abin bai taɓa zame mana wani abu ba. Kamar wanke hannu ne kafin cin tuwo.

Bayan wannan kuma sai ta duƙa a bakin ƙofar ɗakinta, daidai inda ƙafa take taka kullum, ta kankaro ƙasa ta ƙulle a tsumma ta ba matafiyin. Wannan ta dawowa ce. Ranar da ka juyo gida sai ka jiƙa ka sha, don hanya ta san inda za ta kai ka.

To, yayana Sajo, wanda muke ce wa Hamma Sajo, shi ne ya kai wannan al'ada inda ba ta taɓa zuwa ba.

Farin nan da aka yi shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, shi ya cinye mana garke. Hamma Sajo yana ji yana gani shanunsa suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, ba ya iya komai sai dai ya feɗe ya shanya ƙirgin. Garin sayar da ƙiragan ne ya haɗu da Ubale, wani Bamange mutumin Gumel, mai sayen fatu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kun dai san Fulani da Mangawa, abokan wasa ne, ba a haɗuwa a rabu lafiya. Tun ranar farko suka zagi juna har suka gaji, daga nan kuma ba su sake rabuwa ba. Sajo ya zama shi ke zaɓar masa fatun awaki da ake kawowa daga wajen Damagaram, shi kuma Ubale ya kai Kano.

A Kano akwai wani Bature ɗan ƙasar Sifaniya da yake sayen fatun yana aikawa ƙasarsu. Sunansa na gaskiya bai zauna a bakin kowa ba, Dogo ake ce masa, kuma ya daɗe a Kano har Hausa ta kama bakinsa. Bayan farin da kamar shekara uku, sai ya ce yana so Ubale ya je ya ga majemarsu da idonsa, ya ga irin fatar da suke so da wadda ba sa so. Ubale ya ce shi ba zai shiga jirgin sama shi kaɗai ba.

"Zan tafi da bawana," ya ce wa Inna da ya zo neman izini, yana nuna Sajo da haɓa. "In jirgin ya yi nauyi a sama, a sami abin jefarwa."

"In nauyi ake ragewa ai da tumbinka za a fara," in ji Sajo.

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ranar tafiya ba ta yi ba. Ruwan farko ya sauka ke nan, ƙasa tana ƙamshi. Ta kankaro ta bakin ƙofarta ta ƙulle, ta sa masa a aljihun gaba da hannunta, ta ba shi ɗan ƙoƙonsa na shan ruwa. Ta dubi Ubale ta ce, "Ɗa na ba ka, ɗa za ka maido mini." Ya ce, "Inna, ko a kasuwa aka ce in bar shi kyauta ba mai ɗauka."

Abin da ya faru a can, daga bakinsu su biyun na ji shi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kowa da ɓangaren da ya gani.

Sun fara sauka a wani babban birni. Nan Sajo ya gamu da abin da Inna ba ta yi tunaninsa ba: garin ba shi da ƙasa. Ko'ina siminti ne da dutse da kwalta. Ya duba gindin bango, ya duba bakin titi, babu inda mutum zai sa yatsa. Sai ya ƙi shan ruwa. Shayi yake sha, da lemon kwalba, da kankana in an samu.

"Kai Agwai," in ji Ubale, da sunan da ake tsokanar Fulani da shi, "shi shayin da me aka dafa shi? Da nonon saniyarka?"

"Wannan wuta ta riga ta gaisa da shi."

"Ƙishirwa za ta kashe ka a gaban famfo, in koma in ce wa Inna me? Ga tukunyar fure can a taga, ɗebi ta ciki mana."

"Wa ya san daga ina suka kawo ta? In sha ƙasar wani gari, wani garin ya karɓe ni ina nan?"

Haka suka yi ta yi har ranar da Dogo ya ɗauke su a mota zuwa majemar, can kudancin ƙasar. Tafiya ce ta wuni. Zafi kuwa, Sajo ya ce bazararmu ba ta nuna masa komai ba. Hagu da dama itatuwan zaitun ne a jere, iya ganinka, kamar an shuka su da igiya. Rana ta take tsaka sai suka hango wani ɗan gari a kan dutse, fari fat, gidajen sun hau kan juna kamar an juye kwandon ƙwai. Dogo ya ce garin kakarsa ne, ba zai wuce bai nuna musu ba, don tun asali Musulmi ne suka gina shi, shekaru aru-aru da suka wuce, kafin a kore su.

Suka bar motar a ƙasa, don lungunan ba sa cin mota. Suka shiga ta wata tsohuwar ƙofar gari mai baka, irin ta zauren manya. Lungu ne siriri shimfiɗe da duwatsu masu sulɓi, yana hawa yana lanƙwasa. Bangaye an shafe su da farar ƙasa har suna kashe ido, an rataye tukwanen furanni ja a jikinsu. Kowace ƙofa a rufe. Kowace taga a rufe. Ba yaro, ba akuya, ba hayaƙin girki, ba ko tarin mutum. Wata kyanwa ce kawai kwance a kan dakali, ita ma ba ta ɗaga kai ba.

Sajo ya rage murya ya ce, "Dogo, mutuwa aka yi?"

"Barci suke yi. Haka muke yi in rana ta yi zafi. Sai la'asar za su fito."

"Gari guda? Da rana tsaka?"

Ubale ma bai yi dariya ba wannan karon. Mu a wurinmu an san tsakar rana ba lokacin mutane ba ne su kaɗai. Shi ya sa ake hana yara zama gindin tsamiya a irin wannan lokaci. Garin da kowa ya shige ɗaka ya ja ƙofa, to wa aka bar wa titi?

Suka ɓulla wani ɗan fili a tsakiyar garin. A gefe guda ga wata doguwar hasumiya mai kusurwa huɗu, da ƙararrawa a samanta. Dogo ya ce yanzu coci ce, amma da can daga nan ake kiran salla. Ya kai su gindinta ya nuna musu wani dutse da rubutu a jiki, ruwa da iska sun cinye shi. Ubale da yake ya yi karatun allo, ya bi rubutun da yatsa, bai iya fitar da komai ba sai sunan Allah a wuri ɗaya. Ya cire hularsa ya mayar.

Shi kuwa Sajo sama yake kallo. A kan hasumiyar akwai wata ƙatuwar sheƙa ta ƙirare, da tsuntsaye biyu tsaye a ciki, irin shamuwa amma farare, manya, masu jan baki. Ya san su. Su ne suke sauka a fadamunmu da rani suna bin shanu suna cin fara, damina na zuwa a neme su a rasa.

"Ashe nan kuke zuwa," ya ce musu.

A tsakiyar filin kuma ga wani kwarami na dutse kamar kwamin shayar da shanu, ruwa yana zubowa cikinsa ta bakin wani kan zaki da aka sassaƙa, ba dare ba rana, ba mai rufewa. Ƙarar ruwan nan ita kaɗai ake ji a garin. Sajo ya haɗiyi yawu, bai sami abin haɗiya ba.

Dogo ya ƙwanƙwasa wani shago, mai shi ya buɗe yana miƙa. Ubale ya leƙa ya ga cinyoyin alade rataye a rufi, ya yi a'uziyya, amma da aka ce akwai lemo mai sanyi sai ya shiga ya zauna yana ba su baya. Sajo ya ji warin giya ya ce shi yana nan waje.

"Zauna nan inda na bar ka," in ji Ubale. "Kada ka bi tsuntsaye, ba shanu ba ne."

Bai zauna ba. Ruwa yana zuba a gabansa, maƙogwaronsa kamar an zuba toka. Ya ce a ransa, wannan ai ƙauye ne, ba za a rasa ƙasa ba. Ya zaga filin, dutse ne. Ya bi ta bayan hasumiyar. Can sai ga wani ɗan shinge na gini, bai kai ƙugu ba, da wata 'yar ƙofa ba marufi. A ciki fili ne kamar girman garken awaki, ba gini, ba shuka, sai wani tsohon ɓaure ya baza inuwa. Ƙasa ce zalla, baƙa, mai laushi.

Ɗan Inna ne, ba ya shiga wuri ko kango ne bai yi sallama ba. Ya tsaya a bakin ƙofar ya ce, "Salamu alaikum."

Ya ce ba wanda ya amsa. Amma ganyen ɓauren ya motsa gaba ɗaya, alhali ba iska, kamar mutane da yawa sun ja numfashi tare.

Ya tsuguna ya ɗiba da yatsu biyu. Ƙasar da sanyi kamar gindin randa. Ya koma wurin kan zakin, ya tara ƙoƙonsa, ya jefa, ya yi bisimilla ya shanye. Ya ƙara, ya ƙara. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai sha ruwa mai daɗin wannan ba.

Yana sauke ƙoƙon daga bakinsa sai ya ga garin ya farka.

Ba ƙarar buɗe ƙofa ya ji ba, a'a, kawai dai ga mutane. Suna tsaye a inuwar bangaye, wasu zaune a dakali, maza da dogayen riguna, mata da mayafi, har da yara riƙe da gefen zanen iyayensu. Fuskokinsu ba sa fitowa sosai, kamar ka leƙa rijiya ka ga mutum a ƙasan ruwa. Kowa shi yake kallo. Kuma ba kallon baƙo ba, kallon wanda aka daɗe ana jira ya dawo daga kiwo.

Duk lokacin da ya zo nan a labarin sai ya ce mini, "A'i, ban ji tsoro ba. Abin da yake ba ni tsoro har yau ke nan, da ban ji ba."

Suna yi masa maraba. Ba Hausa ba ce, ba Fillanci ba, ba kuma yaren su Dogo ba, amma yana ji sarai. Ya ga ya san garin. Ya san lungun can rijiya yake kaiwa, ya san gidan mai shuɗiyar ƙofa na masaƙi ne, ya san in ka sha kwanar can akwai dutsen da yake sa tuntuɓe. Ƙafarsa ta kauce wa dutsen da kanta.

Can ƙasan ransa wani abu ya ce masa, Sajo, mota tana ƙasa, gida yana nesa. Sai ya juya ya nufi ƙofar gari. Ya bi lungun da suka hawo, yana gangarawa, yana gangarawa, ya sha kwana, sai ga shi a bakin shingen nan, ga ɓaure. Ya koma ya bi wani. Wannan ma gangara ne tun daga farko har ƙarshe, amma ɓauren ya kawo shi. Mutanen suna biye da shi a hankali, ba mai taɓa shi, ba mai tare masa hanya.

Makiyayi in hankalinsa ya tashi, sunayen shanunsa yake kira, ko da sun mutu. Ya buɗe baki zai kira Saige, uwar garkensa, wadda ya yi kuka ranar da ta faɗi. Sunan bai zo ba. Ya nemi sunan rugarmu, babu. Ya nemi fuskar Inna, sai ya ga mace tsaye a bakin ƙofa, amma fuskar ta zama irin ta mutanen nan, tana rawa a ƙasan ruwa.

Wani tsoho mai farin gemu yana zaune a gindin ɓauren. Ya ce, "Shigo, ɗan nan. Rabon da a tsaya a ƙofar nan a yi mana sallama, har mun manta. Suna wucewa ta nan safe da yamma, ba mai ce mana komai. Kai ka gaishe mu, ka sha ƙasarmu. Ai ka zama namu."

Sajo ya ce, "Baba, ina da tafiya a gabana."

"Kowa ma da ita ya zo. Ka gaji. Dubi ƙafafunka."

Ya duba, ya ji lallai ya gaji, gajiyar da ta fi ta shekarar fari. Sai ya ga mutanen nan duk sun shigo shingen, ɗan wurin nan ya cinye su, sun kwanta a jere, sahu-sahu, kowa a kan hannunsa na dama, fuska tana duban wuri ɗaya. Tsohon ya dubi sahun gaba ya ce, "Ku matsa masa."

Suka matsa. Ya ji motsinsu a cikin ƙasa, kaɗan-kaɗan, har aka sami wurin mutum ɗaya. Ya ajiye ƙoƙonsa ya kwanta.

To, bari in koma wurin Ubale.

Shi ya sha lemonsa, ya ƙara, ya fito yana gyatsa, bai ga Sajo ba. Ya yi kira, muryarsa ta bugi bangaye ta dawo masa. Shi bai ga kowa a titi ba, garin yana nan shiru yadda suka same shi. Suka zaga da Dogo har gumi ya jiƙa su. Sai wata taga ta buɗe kaɗan, wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya ta leƙo. Ta nuna bayan hasumiya da yatsa, ta taɓa goshinta da ƙirjinta irin yadda Kiristoci suke yi, ta ja tagarta.

Suka same shi kwance a gindin ɓaure, a kan damansa, hannu ƙarƙashin kunci, ido a buɗe. Ubale ya dubi rana ya dubi yadda ya kwanta. Alƙibla yake kallo, daidai, shi da tun da suka zo ƙasar kullum sai sun yi gardamar ina ne gabas.

Dogo ya tsaya a bakin shingen ya ƙi shiga. Ya ce lokacin yana yaro an zo za a haƙa ramin famfo a nan, aka tarar da ƙasusuwa a jere, kowa a kan damansa. Maƙabartar Musulmin da can ce. Aka mayar da ƙasa aka kewaye wurin, tun daga nan ba mai shuka ko albasa a ciki.

Ubale ya shiga. Ya ga ƙoƙo da guntun laka a gindinsa. Ya ga ɗan rami na yatsu biyu kusa da ƙofa. Bai buƙaci a gaya masa komai ba.

"Kai Agwai! Tashi! Wa ya ce maka nan mashekari ne?"

Bai motsa ba. Ya taɓa shi, jikin sanyi ƙalau a cikin wannan zafi. Numfashi yana fita, amma sama-sama.

"Sajo, tashi mana. Bawan gidanmu, ubangidanka yana magana kana kwance? Wallahi in ba ka tashi ba, in mun koma sai na gaya wa duk Maigatari Bafulatani ya ga inuwa ya manta uwarsa."

Ko ƙifta ido bai yi ba. Ubale ya kama kafaɗarsa zai ɗaga. Hamma Sajo fa siriri ne kamar sandarsa, ni ma nan ina iya ture shi. Ubale ya yi iya ƙarfinsa, Dogo ya daure ya shigo ya kama ƙafafu, ko gezau. Ubale ya rantse mini da abin da zai kashe shi, ya ce kafaɗar da take ƙasa ta fara shiga, kamar yadda turmi yake zama in ya daɗe a wuri ɗaya.

Dogo ya ce zai ruga ya taso likita. Ubale ya ce, "Je ka," don dai ya sami wuri. Ya laluba aljihun gaban Sajo ya ciro ƙullin Inna. Da farko ya so ya jiƙa ya ɗura masa, amma haƙoran sun datse, ko tsinke ba zai shiga ba. Ya zauna dirshan da ƙullin a hannu. Ya ce ya tuna Inna tana cewa ɗa na ba ka.

Shi Ubale ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne. Abin da ya iya shi ya yi. Ya gyara hula, ya durƙusa a gaban ɗan ramin nan kamar yana gaban dattawa a rumfa.

"Salamu alaikum, masu gida. Allah Ya ji ƙanku, Ya sa kuna hutawa. Ni sunana Ubale, daga Gumel. Wannan da kuke gani Bafulatani ne, ba shi da wayo, duk danginsu haka suke. Ƙishirwa ce ta sa shi, bai san wurinku ba ne. Ya ɗauki abinku bai tambaya ba, wannan gaskiya ne, ban musa ba. To abin ya riga ya shiga ciki, ba ya fitowa. Amma ga tamu. Wallahi ba ta bola ba ce, ta bakin ƙofar uwarsa ce, ba mu da wadda ta fi ta. Ku riƙe wannan a madadin taku, ku sakar mini yaron mutane. Tsohuwa tana can tana jira."

Ya kwance tsumman ya juye jar ƙasarmu a cikin ramin, ya danna da tafin hannu, ya karanta abin da ya sawwaƙa.

Tsuntsayen kan hasumiya suka hau kaɗa baki, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga ƙirare. Sai Sajo ya yi atishawa. Ya sake yi. Ya tashi zaune, rabin fuskarsa duk baƙar ƙasa, ya dubi tsumman da ke hannun Ubale.

"Wa ya ba Bamange izinin shiga aljihuna?"

Ubale ya ɗaga hannu kamar zai mare shi, sai ya rungume shi yana kuka yana zaginsa. Kafin Dogo ya dawo da likita sun kai ƙofar gari. Lungu ɗaya suka bi, ya kai su. Suna fita aka buga ƙararrawa, tagogi suka fara buɗewa, yara suka fito da ƙwallo.

Sun je majemar, sun ga abin da za su gani, sun dawo ana tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu. Ni lokacin ina gida wurin Inna, na zo wankan ɗana na fari. Aka yi murna, aka dama fura. Da mutane suka watse sai Inna ta ce, "Ka sha ta dawowar?"

Suka dubi juna. Ubale ya ba da labari tun daga farko, yana yi yana ƙara gishiri a inda ya shafe shi. Inna ba ta katse shi ba. Da ya gama ta juya wurin Sajo.

"Kai kuma da aka zuba, me ka gani?"

Ya sunkuyar da kai. Wannan ko Ubale bai gaya wa ba. Ya ce tsohon ya ɗebi jar ƙasar ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi, suka yi ta miƙa wa juna har ƙarshen sahu. Sannan ya ce, wannan ta ina ce? Sajo ya ce ta bakin ƙofar Innata ce, sai ya ji sunan rugarmu ya dawo masa, da Saige, da komai. Tsohon ya ce, akwai mutane a can? Ya ce akwai. Ya ce, in an yi sallama suna amsawa?

"Me ka ce masa?" in ji Inna.

"Na ce suna amsawa."

"Sai me?"

"Sai ya ce, tashi ka tafi, ɗan nan. Mun ji hanya."

Ubale ya ajiye ludayinsa. Inna ta daɗe tana duban bakin ƙofarta, inda ɗan gurbin da ta kankara yake. Ta ce, "To. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Ranar Alhamis ta zagayo, maza duk sun tafi Maigatari, matan sun shiga gona, yara sun bi awaki. Daga ni sai Inna sai jariri a ɗaka. Rana ta take, ko kaza ba ta motsi. Ina ba yaro nono, Inna tana kaɗi. Sai muka ji an yi sallama a bakin ƙofa.

Murya ce ta tsoho, a hankali, ga kuma wasu a bayanta, kamar mutane sun haɗa baki amma ba sa so su tayar da mai barci. Asabari ne kawai tsakaninmu, rana tana ratsowa ta cikinsa. Ba inuwar kowa.

 Na ƙanƙame yaro har ya saki nono. Inna ta ajiye mazarinta ta harare ni.

"Ke ba ki ji ana sallama ba? Haka na koya miki?"

Na ce, "Wa alaikumus salam." Ita ma ta amsa, da ƙarfi, har da "maraba da baƙi, an sha hanya." Ta tashi ta ɗebo ruwa a randa cikin sabuwar ƙwarya, ta ɗaga gefen asabarin ta tura waje, ta dawo ta ɗauki mazarinta.

Na ce, "Inna, ba kya tsoro?"

"Sun riƙe mini ɗa sun sake shi. In hana su ruwa?"

Da la'asar na fita. Ƙwaryar tana nan, ruwan ya yi ƙasa da kamar yatsu biyu. A kan jar ƙasar bakin ƙofa kuma ga wani farin gari-gari, irin wanda yake kama rigar mutum in ya jingina da bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Mu kuwa duk rugarmu ba bango, ɗakunan kara ne.

Ba kullum suke zuwa ba. Daga baya sai rani, in fararen tsuntsayen nan sun sauka a fadama, ranar da gida ya yi shiru. Inna ta amsa musu har ƙarshen ranta, kuma ba ko kaza da ta taɓa mutuwa a gidan ta dalilinsu. Abu ɗaya ta canja. Ba ta sake kankarar ƙasar bakin ƙofarta ta ba wani matafiyi ba, ta ce yanzu ba tamu ba ce mu kaɗai. Ta gindin turken maruƙa take ɗiba.

Hamma Sajo ya yi tsawon rai, ya sake tara shanu, ya ga jikoki. Amma bai ƙara kwanciya da rana ba, ko zazzaɓi yake yi sai dai ya jingina. Ubale kuwa duk Alhamis in sun haɗu sai ya ce masa, "Agwai, ka tuna fa da ƙasa na saye ka, ko cikin cokali ba ta kai ba."

Ɗakin Inna ya daɗe da faɗuwa. Da 'ya'yan Sajo suka tashi yin ginin bulo, na sa suka kauce wa wurin. Ƙwaryar tana hannuna yanzu.